Ƙarfe Biyu a Saman Mota

Sadiya da Nura, na san yadda kuke ba da labarin jirgin ruwan mahaifiyarku. Nura yana ba da shi ne don a yi dariya, wai Baba ya shafe damina guda yana auna rufin mota da tef ɗin tela. Ke kuwa Sadiya ba kya dariya. Kin taɓa faɗa wa gwaggonku, ita kuma ta faɗa mini, cewa na saya wa mahaifiyarku abin wasa ne don in rufe mata baki, ta zo miki wankan jego ta juya ta koma China tana dafa mini tuwo. Ban taɓa ba ki amsa ba, domin ni idan aka tsare ni da magana sai bakina ya mutu. Yanzu da Allah ya karɓi abarsa, ni ma ido ya fara gajiya, bari in rubuta yadda aka yi. Abu na farko shi ne ni ban sayi jirgi ba. Ita ta sayi jirginta da guminta. Ni ƙarfe biyu kawai na saya.

A shekarar nan gidanmu na unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou ya yi mana yawa. Ke an kai ki ɗakinki a Kano har kin sami ciki, Nura ya koma gida karatu. Kasuwa kuma ta yi sanyi, Naira ta faɗi, masu zuwa saro sun ragu. Ni ina fita kasuwar Shahe in haɗa wa 'yan Kantin Kwari kaya in kai sito, ita tana dafa tuwo da miyar kuka ana zuwa ana ɗauka a kula. Idan ta gama sai ta tsaya a taga. Ba abin da ake gani daga tagar nan sai bayan wani bene da injinan sanyaya ɗaki suna ɗiga. Kun san 'yar Yawuri ce, amma ba ku san Yawurin da ta tashi a ciki ba. Mahaifinta yana sassaƙa kwale-kwale, mahaifiyarta da kanta take tuƙa nata zuwa kasuwa, ta tsaya a kan yashi ta yi salla ta ci gaba. Mahaifiyarku ta iya riƙe filafili kafin ta iya riƙe muciya. Ni na ɗauko ta na kai ta Fagge inda ba ruwa sai na ɗan garuwa, daga nan na kawo ta sama cikin bene. Ni kuwa ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan unguwarmu, wanda Inna take cewa duk wanda ya je kusa da shi kada ya dawo mata gida. Kuma kun san halina. Ni ne mutumin da yakan kulle ƙofa ya sauka ƙasa, ya sake hawowa ya taɓa ta.

Wata rana na dawo na tarar da wani abu mai launin ruwan lemo a falo, dogo, tun daga bakin ƙofa har kusa da taga. Jirgi ne na roba mai ɗaukar mutum ɗaya, irin wanda suke kira kayak. Ashe maƙwabciyarmu 'yar China, mai sayar da taliya a ƙasan benenmu, ta taɓa kai ta yawo can kudancin gari inda koramu suka ratsa gonakin ayaba. A can ta ga mata masu furfura suna tuƙa irinsa. Maƙwabciyar ce ta taimaka mata ta saye shi ta waya, na hannu, daga wurin wani da ya gaji da shi.

Na ce, "Hajiya, wannan fa?"

Ta ce, "Jirgi ne, Malam. Ka tsallaka a hankali, abincinka na kan tebur."

Haka muka zauna da shi. Muna tsallake shi mu shiga kicin, muna tsallake shi mu yi alwala. Ban sake tambaya ba, ina fatan ta gaji ta sayar. Sai ran nan ruwan sama ya kore ni daga kasuwa da wuri. Na buɗe ƙofa a hankali, na gan ta zaune a cikin jirgin a tsakiyar falo, filafilin a kan gwiwarta, ba ta tuƙawa, ba ta komai, tana kallon bango. Ba ta ji kunya ba da ta gan ni, ba ta kuma tashi ba.

Ta ce, "Malam, idan na tafi haihuwar Sadiya, ba na jin zan dawo."

Na rasa inda zan ajiye lemata. Na ce, "To jirgin fa?"

"Na saya ne in gani ko akwai abin da zai zaunar da ni a garin nan. Amma ka ga, a falo yake."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ni ba zan iya barin Guangzhou a lokacin ba, abincinmu da karatun Nura duk a nan suke. Na kuma san yadda mazan da matansu suka koma suke rayuwa: su ci a shago, su wanke kwano ɗaya, su yi hira da iyali ta waya har muryar ta zama ta baƙo. Na tambayi kaina wanne ya fi, in ga ta shiga ruwa ko in ga ta shiga jirgin sama. Duka biyun ba wanda ya kwanta mini. Amma ɗaya daga ciki ana dawowa da yamma, idan Allah ya so. Da safe na ce mata zan nemi kariya, irin ƙarfen nan da ake ɗaura wa mota a sama don ɗora kaya. Ta ce to.

Mutum na farko da na faɗa wa shi ne Alhaji Mahamadu, abokina ɗan Maraɗi mai sayen fitilun sola, bayan an sauko daga Juma'a a Masallacin Huaisheng. Ya yi dariya har ya dafa bango.

Ya ce, "Bon, Bakano, mi ne na wahala? Ka samu tsohuwar katifa ka shimfiɗa bisa mota, ka aza jirgin, ka ja igiya ta taga. Mu a Maraɗi da rago da gado da buhun hatsi duk haka muke azawa."

Na ce, "A Maraɗi ɗan sandan ɗan ƙanwarka ne. Nan kuwa kyamara ce take kallonka, ba ta san kowa ba."

"To ka kai shi da ƙafa. Kai ka ɗauki kai, Hajiya ta ɗauki wutsiya."

Shi wasa yake, ni kuwa ba wasa nake ba. Baƙo a ƙasar mutane ba ya son sunansa ya shiga ko'ina, domin ranar sabunta biza ba ka san abin da za a buɗe ba. Sai da na sa aka tambayar mini abin da doka ta ce. Aka ce kayan saman ƙaramar mota kada su wuce rabin mita daga rufi, kada kuma su zarce jikin motar. Na auna jirgin da tef, na auna motar, na ga motar ta fi shi tsawo, na yi hamdala. Na ɗauko littafin motar, duk rubutun China, na riƙa haska shi da waya shafi bayan shafi tana fassara mini, har na sami inda aka faɗi nauyin da rufin zai iya ɗauka. Na aro sikelin rataye daga sito na auna jirgin a falo, mahaifiyarku tana riƙe da ɗaya gefen tana kallona kamar mai kallon wanda yake auna jariri. Karatuna bai wuce firamare ba, amma lissafin nauyi na iya shi. Na haɗa na jirgin da na ƙarfen, na ga da sauran wuri mai yawa. Duk da haka na sake aunawa.

Daga nan na shiga kasuwar kayan mota. Kariya kala-kala ce. Akwai masu tsada na Turai, masu makulli, waɗanda kuɗinsu ya isa hayar gida, na shafa su na wuce. Akwai mafi araha, soso biyu da bel da ake ratsawa ta cikin mota a ƙarƙashin rufi. Wannan ai katifar Mahamadu ce aka yi mata kwali. Na tuna ruwan Guangzhou, na san zai bi bel ɗin nan ya riƙa ɗiga mana a ka, na ajiye. Akwai wata da ake manna wa rufi da iska, kamar yadda wanzami yake kafa ƙaho. Mai shagon ya rantse ba ta faɗuwa. Na ce a raina ƙahon wanzami ma idan ya gama sha sakin jiki yake. Akwai kuma mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wadda ake jingina jirgi a gefensa. Ta burge ni, amma da na ɗora tef sai na ga jirgin zai miƙe sama ya wuce abin da doka ta yarda. Abin da ya rage shi ne sanda biyu na ƙarfe da ake giciyewa a rufi. Motata tsohuwa ce, rufinta sumul, ba ta da inda za a ɗaura komai, don haka sai mai ƙafafu da suke kama leɓen ƙofa. Ita ma ba kowace ƙafa take shiga kowace mota ba. Na yi ta yawo da hoton leɓen ƙofata a waya, ana ce mini, "Meiyo, meiyo," wato babu.

A ƙarshe na dace da wata mata a wani ɗan shago can ciki. Ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta fito ta dubi motar, ta shafa leɓen ƙofar da yatsa, ta koma ta fito da ƙafafu huɗu. Na yi ta zuwa wurinta ina komawa ba tare da na saya ba, kullum da sabuwar tambaya. Zai yi tsatsa? Zai kankare fenti? Idan na taka birki da ƙarfi fa? Ranar da ta gaji da ni, ta ɗaura sanda ɗaya a motar ɗan'uwanta da ke gaban shagon, ta kama shi da hannu biyu ta ɗaga ƙafafunta tana lilo.

Ta ce, "Lauban! Okay? Okay?"

Lauban shi ne maigida a bakinsu. Na ce okay, na biya. Sandunan sun ɗan yi wa motar tsawo, sun fito kaɗan ta kowane gefe, amma ba su wuce madubi ba. Ta ɗauko zarto ta nuna mini za ta rage su. Na riƙe hannun zarton na ce a'a. Ba wani tunani na yi ba. Ni dai abin da aka yanke ba ya komawa, shi ya sa ko yadi ba na son a yanka a gabana.

Ɗaurawa ta ci mini yini guda a lungun bayan benenmu. Mahamadu ya zo wai zai taimaka, ya zauna a kan bokiti yana cin gyaɗa. Na wanke rufin, na share leɓen ƙofofin don kada yashi ya shiga ƙarƙashin robar ƙafafun. Na auna tazarar sandan gaba da na baya yadda takardar ta nuna a hoto. Noti kuma ba a gama ɗaure ɗaya a koma ɗaya, sai an riƙa bi kaɗan nan kaɗan can, in ba haka ba sandan ya karkace. Na buɗe kowace ƙofa na rufe, na ji ta kama daidai. Na girgiza sandan, motar duka ta girgiza tare da shi. Sannan muka fita gwaji ba kaya. Muna hawa babban titi sai wani fito ya tashi a samanmu, siriri, kamar na butar shayi. Na rage gudu, na ce wani abu ya ɓalle.

Mahamadu ya ce, "Ba abin da ya ɓalle sai kai. Iska ce ke gaishe ka."

Iska ce kuwa. Mai shagon ta nuna mini in nannaɗe siririyar igiya a jikin sandan gaba kamar yadda wake yake hawa kara, fiton ya mutu. Na kuma sa wa sandunan rigar soso. Har nan ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ina so Nura ya riƙa faɗin wannan ma idan yana ba da labarin.

Muka sa ranar Lahadi. Ni ba na son gaggawar safiya, don haka tun ranar Asabar da hantsi na ce a sauke jirgin. Bai shiga lif ba, sai ta matakala, ni da Mahamadu, maƙwabta suna leƙowa. Muka ɗora shi a kan sandunan a zaune, cikinsa a ƙasa, yadda yake zama a ruwa. Tare da kariyar an ba ni bel guda biyu masu laushi, waɗanda ake ja da hannu kawai. Na dube su na ga ba su cika mini ido ba. Ku tuna aikina na farko a duniya. Ina yaro a Kantin Kwari ɗaurin dila nake yi. Maigidana yakan zo ya sa yatsa a ƙarƙashin igiya, idan yatsan ya shiga sai ka kwance ka sake. Abin da aka koya mini ke nan: kaya ba su ɗauru ba sai igiya ta yi ƙara idan an taɓa ta. Sai na ajiye bel ɗin mai shago, na ɗauko namu na sito, masu mariƙin ƙarfe da ake ja suna ƙaƙ, ƙaƙ, ƙaƙ, irin waɗanda muke danne kaya da su a kwantena. Na ja har ya yi ƙara. Na hau sama na ci abinci, zuciyata ta ce ka sauka ka duba. Na sauka na ga kamar ya ɗan saki, na ƙara. Da la'asar na sake gani ya saki, na sake ƙarawa. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa yake saki ba. Ranar kuwa an yi irin zafin nan na Guangzhou da kwalta take laushi.

Ranar Lahadi muka tafi mu biyu. Ta sa dogon wando a ƙarƙashin riga, ta sa ƙaramin hijabi, ta ɗauko rigar ruwa mai hana nutsewa da babban filas na ruwan shayi. Na tsaya a hanya na duba kayan, ba su motsa ba, na ji daɗi. Muka isa wurin da maƙwabciyar ta kwatanta, wata korama mai faɗi da gangare na siminti inda aka yarda a saka jirgi, ayaba ta kowane gefe. Na kwance bel, muka sauke jirgin, muka kifa shi a kan ciyawa. A nan na gani. Cikin jirgin ya lotsa wuri biyu, daidai inda sandunan suka tokare shi, kwari biyu masu zurfi da hannuna zai kwanta a ciki. Ashe ba bel ɗin ne yake saki ba. Robar ce rana take dafawa tana shigewa, ni kuma ina bin ta ina dannawa.

Mahaifiyarku ta durƙusa ta shafa wurin da tafin hannunta. Idan ranta ya ɓaci Hausar Yawuri takan dawo mata baki.

Ta ce, "Malam, mi ka yi wa jirgin nan?"

Na ce, "Na ɗaure shi ne kada ya faɗi."

"Dila ce? Atamfa ce a ciki?"

Na tsaya da bel a hannu. Duk awon da na yi, duk yawon kasuwar, duk karatun littafin mota, ga inda suka ƙare. Na ga ba ni da bakin da zan roƙe ta komai. Sai na faɗi abin da nake gudun faɗi tun ranar da na gan ta zaune a falo.

Na ce, "Hajiya, gobe zan sayi tikitin. Na tafiya kawai, idan haka kike so. Ba zan riƙe ki ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Miƙo mini filas."

Ta juya jirgin yadda rana za ta bugi cikinsa. Ta riƙa zuba ruwan zafin a hankali a kan kwarin farko, tururi yana tashi. Sannan ta jingina shi, ta cusa ƙafarta ta ciki ta tura da dunduniya. Na ji wani ɗan ƙara, bup, robar ta taso. Ta ce mahaifinta da wuta yake lallashin katako idan ya ƙi miƙewa, roba ba ta fi katako taurin kai ba. Na biyun ruwan bai ishe shi ba, ya taso rabi ya tsaya. Har jirgin ya bar hannunmu wannan tabon yana nan, kuma takan ce yana ɗan ja mata hagu. Ba mu sha shayi ba ranar.

Ta ɗaura rigar ruwa. Na je na duba maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, ta bar ni. Hannuna ya kai kan maɗaurin zan ƙara ja, ta dube ni, na sake shi. Ta ja jirgin zuwa gangaren, ta cire takalmanta ta miƙo mini.

Ta ce, "Riƙe mini."

"Maganar tikitin fa?"

"Ka bari in dawo."

Ta yi bisimilla ta shiga. Jirgin ya yi rawa sau ɗaya, sai na ga ta gyara zama kamar wadda ta zauna a tabarmar ɗakinta. Filafilin mai baki biyu ne, ba irin na gida ba, da farko tana tsoma gefe ɗaya kawai kamar yadda ta saba. Can sai hannunta ya gane. Na ga bayanta ya miƙe. Shekaru nawa muna tare, ban taɓa ganin wannan bayan ba. Ta yi nisa, ta zama ɗigon ruwan lemo, ta sha kwanar ayaba ta ɓace.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi duk addu'ar da na sani, na koma farko. Na tuna ban iya iyo ba. Na tuna ban san yadda ake cewa matata tana cikin ruwa da yaren China ba. Wani tsoho mai kamun kifi a gefe ya nuna mini kujerarsa in zauna, na yi masa godiya na ci gaba da tsayuwa. Na so in bi gaɓa in leƙa bayan kwanar, amma ta ce in riƙe mata takalmi, kuma idan ta dawo ba ta same ni a inda ta bar ni ba fa? Sai na tsaya. A tsayuwar nan na gane cewa ko da na sayi kariyar Turai mai makulli, iyakar aikinta ta kawo jirgin bakin ruwa. Daga nan ba bel, ba noti, ba abin da zan ƙara ja.

Ta dawo rana ta take. Fuskarta ta jiƙe, hijabin ya manne mata a goshi, tana haki tana dariya ita kaɗai. Ta ce akwai wata gada can gaba, da agwagi, da wata mata mai wanke kayan lambu da ta ɗaga mata hannu. Ta ce ruwan nan ba shi da ƙarfin na gida, amma yana da ja da baya idan teku ta janye, sai an kula. Ta miƙo hannu na ba ta takalmanta.

Ita ta ɗaure jirgin a komawa. Ta sa muka kifa shi, bakinsa mai ƙarfi a kan sandunan, cikinsa yana kallon sama. Ta ɗauko bel ɗin mai shago da na raina, ta ja da hannu, ta girgiza jirgin, motar ta amsa. Ta ɗaura igiya ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba ta ja su sosai ba. Sannan ta kama yatsana ta cusa a ƙarƙashin bel ɗin. Ya shiga. Duk jikina ya ce a kwance a sake.

Ta ce, "Haka ake barinsa. Ka tsaya sau ɗaya a hanya ka duba, ban hana ka ba. Amma da ido."

Ta koma gefe ta dubi sandunan, yadda jirgin ya kwanta a gefe ɗaya ya bar fili a ɗayan.

"Wannan wurin na wa ka bari?"

Na ce ba na kowa ba ne, ban dai so a yanke ba.

Ta ce, "To kada a yanke."

Muka kama hanya. Na tsaya sau ɗaya na duba da ido, hannayena a aljihu. Har muka shigo gari ba ta yi maganar tikiti ba, ni kuma na kasa tambaya. Sai da muka tsaya a danja kusa da gida, tana kallon waje, ta ce Lahadi mai zuwa mu fito da wuri, rana ta yi mata yawa yau, kuma a zo da filas biyu.

Sadiya, tikitin da ta zo miki da shi na zuwa da dawowa ne, kuma ita ta tsaya a kaina a wurin saye ta ce a yi haka. Na san kin so ta zauna, kuma kina da gaskiyarki. Ita ma ta yi kuka a filin jirgi da ta rabu da ke da jaririn, ta faɗa mini. Amma ba tuwona ya dawo da ita ba. A gidanki ta zama kaka, a gidana ta zama Hajiya mai abinci, a koramar nan kuwa ta koma Rabi 'yar mai sassaƙa jirgi, kuma ba wanda yake da ikon ya ce mata ta zaɓi biyu ta bar ɗaya. Ni abin da na biya shi ne Lahadina, da dariyar 'yan kasuwa da suka sa mini suna Sarkin Ruwa, da tsoron da bai taɓa raguwa ba ko sau ɗaya. Mutane suna cewa ana sabawa. Ni ban saba ba.

Filin da ya rage a kan sandunan bai taɓa samun jirgi ba. Kowace shekara takan ce bana za ka shiga, in ce sai baɗi, ta yi dariya ta ƙyale ni. Har muka tattara muka dawo gida ƙafata ba ta taɓa ruwan nan ba. Aikina shi ne in kai ta, in duba maɓallan rigarta ba tare da na ja ba, in karɓi takalmanta, in tsaya a inda ta bar ni. Kuma duk Lahadin da Allah ya ba mu a garin nan, ta sha kwanar ayaba ta dawo ta karɓi abinta.